Yadda Gwani Ke Zaɓa wa Tsoro Mazauni

Akwai wani wasa da ake yi a kan tebur, babu allo babu na'ura. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa da takardarsa da fensir, a tsakiya ga ƙwayoyin jifa irin na lido, sai dai wasu fuska goma gare su, wasu ashirin. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora. Shi ke faɗin inda ake, da abin da ido ke gani, da abin da kunne ke ji. Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin labarin, ya zame masa baki da ƙafa. Jagora ya ce, "Kuna tsaye a gaban wani tsohon gida, magariba ta kawo jiki, an garƙama wa ƙofar kwaɗo." Ɗan wasa ya ce, "Ni zan zaga ta baya in leƙa taga." In abin da ya nufa yana iya yiwuwa yana iya ƙi, sai a jefa ƙwaya ta raba gardama. Ba a zuba kuɗi, ba wanda ke cin wani. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu ita ce tatsuniyar dare, sai dai a nan masu sauraron su ne mutanen cikin labarin, kuma shi kansa mai bayarwar bai san inda za a ƙare ba.

A Amurka abin ya samo asali. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan jarumai masu takubba da ke kutsawa cikin kogo su kashe dodanni su kwaso dukiya. A 1981 kamfanin Chaosium ya fito da Call of Cthulhu, wanda Sandy Petersen ya tsara bisa labaran marubucin nan H. P. Lovecraft, sai al'amarin ya juya. Mutanen wannan wasa ɗan jarida ne, da likita, da malamin jami'a, da mai sayar da tsofaffin littattafai, kuma duk abin da suka gano rage su yake yi. Daga nan reshen ban tsoro ya yi ta tofo har yau.

Abin da ke burge ni a wannan harka aiki ne da ake gamawa tun kafin kowa ya ja kujera. Shi ne zaɓen fage, wato wurin da labarin zai gudana, da zamaninsa, da iyakar da ba za a tsallake ba. In 'yan wasan tsofaffin hannu ne, ko'ina aka jefa su za su laluba. Amma sabon shiga, wanda yau ya fara riƙe ƙwaya mai fuska goma, daɗin darensa ya rataya ne a kan wannan zaɓi, alhali ba zai ma san an yi shi ba. Gwanin jagora yakan kwana ya tashi a kai, yana ɗauka yana ajiyewa.

Farkon abin da yake yi shi ne ƙidaya kayan da zai ɗora wa baƙonsa. Sabon ɗan wasa yana da kaya biyu da ba makawa sai ya ɗauka: dokokin wasa, da mutumin da yake wakilta. Yana duba takarda yana neman inda aka rubuta ƙarfin jinsa, yana kuma ƙoƙarin tuna cewa shi yanzu likita ne da bashi ya yi wa katutu. In aka ƙara masa na uku, wato sabuwar duniya mai sarakunanta da tarihinta da sunaye masu wuyar faɗa, kansa ya cika. Tsoro kuwa sai ya sami wuri a zuciya yake zama. Wanda ke fama da haddar sunayen ƙabilu bakwai ba zai ji takun da ke saman bene ba. Shi ya sa mai basira yakan ajiye Vampire: The Masquerade gefe tukuna. Wasa ne mai kyau, kamfanin White Wolf ya fitar da shi a 1991, kuma 'yan wasan su ne mashaya jinin da kansu. Amma daɗinsa yana cikin siyasar dangoginsu, wa ke gaba da wa, wa ke bin wa tsohon bashi, kuma sai an yi karatu kafin a shiga. Awon da jagora ke yi mai sauƙi ne. Ya zauna shi kaɗai a ɗaki ya gwada faɗin fagen da baki. In jimla uku sun ɗauke shi, ya yi. "Birnin Boston ne, shekarar 1920. Wani mai gidan haya ya rasa wanda zai zauna a gidansa. Ya ɗauke ku aiki ku gano dalili." Duk wanda ya ji wannan ya san gida, ya san haya, ya san halin mai gidan da kuɗinsa suka maƙale. In kuwa jagora ya ji bakinsa na shirin cewa "amma kafin nan bari in ba ku tarihi", to fagen ya yi wa baƙo girma.

Sai zamani. Call of Cthulhu ya yi zamansa a shekarun 1920, lokacin da labaran Lovecraft da yawa suka gudana, kuma zamanin yana da wani daidaito da jagora ke so. Akwai mota, akwai jirgin ƙasa, akwai jarida da 'yan sanda da asibiti, don haka ɗan wasan yau ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma babu waya a aljihu. In kana son sanin wanda ya mutu a gida kaza, sai ka taka da ƙafarka zuwa ofishin jarida ka buɗe tsofaffin kundaye. In tocilarka ta mutu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba wanda za ka kira. Zamanin ya bar wa ɗan wasa kusan duk abin da ya sani, ya ɗauke masa saurin samun agaji. Irin wannan lissafi masu Kids on Bikes suka yi a 2018, da suka kafa wasansu a ƙaramin gari kafin kowa ya riƙe wayar hannu, yara na yawo a kan kekuna iyaye ba su san inda suke ba.

Wanda ya nace sai zamanin yau, akwai aiki a gabansa. Malalacin jagora zai ce kawai "babu sabis", su kuma 'yan wasa za su gane ƙwace aka yi musu. Gwani yakan bar wayar ta yi aiki. A kira 'yan sanda, su ɗauka, su yi alkawarin zuwa, amma gadar da ke tsakani ruwa ya cinye ta tun la'asar. Kuma ya riga ya sa wani direba ya ambaci haka tun farkon wasa, a cikin hira, lokacin da ba wanda ya kula. Ya auna nisan a taswira, ya san hanyar zagaye ba za ta kawo kowa ba sai asuba. Mutum ya ji muryar mai ceto a kunnensa, ya kuma san akwai awa shida tsakaninsu: wannan ya fi matacciyar waya tayar da hankali nesa ba kusa ba.

A batun iyaka nake ganin gwaninta ta fi fitowa. Akwai tambayoyi biyu da kowane sabon ɗan wasa zai yi, kuma yana da gaskiya: me zai kai ni ciki, me kuma zai hana ni fita? Mai hankali in ya ji kuka a gidan da ba kowa, gida yake komawa. Dole fagen ya amsa tambayoyin nan da kansa, don abin kunya ne jagora ya koma roƙon mutane su daure su shiga. Tracy da Laura Hickman, da suka rubuta labarin wasa mai suna Ravenloft a 1983, hazo suka kewaye ƙasar Barovia da shi, in ka shiga ba ka fita sai an gama da mai mulkinta, Strahd. Wasan Alien, wanda kamfanin Free League na ƙasar Suwidin ya fitar a 2019, cikin kumbo yakan kulle mutane a sararin samaniya, inda bayan bango ko iskar shaƙa babu. Waɗannan katangu ne da ake gani. Akwai kuma wadda ba a gani, ita na fi so: bashi, alkawari, ƙanen da ya shiga gidan jiya bai fito ba. Ƙofa a buɗe take, amma wa zai fita ya bar ɗan'uwansa? Jagora yakan ɗauki takardun 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure kowa da wurin. Wannan kakarsa ta yi aikatau a gidan. Wannan jaridarsa za ta sallame shi in bai kawo labari ba. Waccan likitar ita ta sa hannu a takardar mutuwar wanda ya zauna a gidan bara, kuma har yau zuciyarta ba ta kwanta da abin da ta rubuta ba.

Gidan Boston ɗin da na ambata ba ƙirƙirata ba ce. Labari ne mai suna The Haunting, yana tare da Call of Cthulhu tun fitowarsa ta farko, kuma Chaosium na ba da shi kyauta cikin taƙaitattun dokokin sabon shiga. Mutane masu ɗimbin yawa ta wannan ƙofa suka shigo, kuma in an kwance gininsa an duba, za a ga dalili.

Mai gidan ya miƙa mukulli da adireshi. Amma rabin farko na wasan da rana ake yin sa, nesa da gidan. Akwai ofishin jaridar Boston Globe, akwai babban laburare, akwai ofishin ajiye takardun hukuma, akwai asibitin masu taɓin hankali inda magidantan da suka zauna a gidan na ƙarshe suke jinya. A kowane wuri abu kaɗan ake buƙata: mutum guda da za a lallasa, jifa guda, takarda guda da za a samu. A nan sabon shiga ke koyon dokoki ba tare da ya san karatu ake ba shi ba, a wurin da in ƙwaya ta ƙi shi iyakar abin da zai same shi magatakarda ya sallame shi. Da kaɗan kaɗan sunan wani Walter Corbitt ya fito, tsohon mai gidan, wanda maƙwabta suka taɓa kai ƙara kotu, wanda kuma ya bar wasiyya a binne shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa. Kafin a sa mukulli a ƙofa, 'yan wasa sun riga sun san abin da ya ishe su tsorata kansu. Jagora bai ce musu gidan na da ban tsoro ba. Su suka tono, su suka karanta wa juna.

Rabi na biyu hawa uku ne kacal. Hawan ƙasa kusan ba komai, sai kayan mutanen da suka fita a gaggauce, da abincin da ya lalace. A bene ne abubuwa ke fara motsi, har gadon wani ɗaki yana iya cilla mutum ta taga. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa na bar wa wanda zai buga. Kowane hawa ya fi na baya nauyi, kuma ɗan wasa da ƙafarsa yake zaɓen lokacin da zai hau ko ya sauka.

Ƙanƙantar wurin ita ke ba jagora damar saninsa ciki da bai. Yakan zana taswirar gidan da hannunsa ko da akwai ta a littafi, domin abin da hannu ya zana kai ba ya mantawa. Ya ƙirga ƙofofi da tagogi, ya san wacce ke buɗewa ciki wacce waje, ya san ta ina hasken titi ke shigowa. Sannan ya bi ɗaki ɗaki yana rubuta abu uku a ƙarƙashin kowanne: abin gani, abin ji, abin shaƙa. Warin gumi a katifar da ba a kwana a kai ba tun bara. Agogon bango da ya tsaya. Famfon da ke ɗiga, sannan ya daina da zarar an shigo. Ba ya rubuta dogon bayani da zai karanta, don mai karatu idonsa na kan takarda, shi kuwa yana so idonsa ya zauna a kan fuskokin mutane. Mutanen da za a gamu da su ma kowa da ɗan katinsa: suna, abin da yake so, abin da yake ɓoyewa, da ɗabi'a guda da za a gane shi da ita, kamar mai goge tabarau duk sanda zai yi ƙarya. Labaran jaridar da za a samu kuwa yakan buga su a takarda, ya tsoma cikin ruwan shayi, ya shanya su bushe su yi launin tsufa, ya ɗan yage gefe. Ba ado kawai ba ne. In takarda ta shiga hannun ɗan wasa, shi zai karanta wa sauran da muryarsa, su yi ta gardama a kan ma'anarta, jagora ya yi shiru yana sauraron abin da suka fi tsoro, ya adana don anjima.

Akwai wani rami da sababbin jagorori ke yawan faɗawa. Sun ɓoye bakin zaren labarin a wuri guda, bayan jifa guda. Ƙwaya ta ƙi, ba a ga wasiƙar da ke cikin durowa ba, wasa ya tsaya cik, mutane suna kallon juna. Robin D. Laws ya ƙirƙiro tsarin GUMSHOE don maganin wannan, wanda Kenneth Hite ya gina Trail of Cthulhu a kansa a 2008: duk alamar da labari ba zai ci gaba ba sai da ita, ba a jefa mata ƙwaya, wanda ya je wurin da ilimin da ya dace ya same ta. Wani marubucin harkar, Justin Alexander, shawararsa ita ce duk gaskiyar da kake so a gano ka ajiye mata alamu uku a wurare dabam dabam, domin ta farko za a wuce ta, ta biyu za a yi mata gurguwar fahimta. Da wannan ma jagora ke gwada fage. Ya ɗauki gaskiya guda, misali cewa gawar tana ƙarƙashin gida, ya tambayi kansa ko wurin nan zai iya ɗaukar hanyoyi uku zuwa gare ta: takardar kotu, bakin maƙwabci, da bangon katakon da in an ƙwanƙwasa yake amsawa kamar bayansa rami ne. A gida ɗaya da unguwa ɗaya wannan aikin yamma guda ne. A fage mai birane biyar kuwa sai mutum ya shekara.

Lissafin wasan ma yana da ta cewa. Call of Cthulhu da kashi cikin ɗari yake aiki. Ana jefa ƙwaya biyu masu fuska goma, ɗaya ta ba da gomomi ɗaya ta ba da ɗaiɗai. In an rubuta maka 60 a binciken laburare, duk jifar da ta fito 60 ko ƙasa ka dace. Minti ɗaya ya isa a fahimci wannan, shi ya sa ya dace da baƙo. Sai kuma ma'aunin hankali, lambar da ke nuna sauran natsuwar mutum. Ganin gawa kwatsam yana iya rage maki ɗaya zuwa uku, ko ma kada ya rage komai in jifa ta yi kyau. Ganin shi kansa babban dodon da aka sa wa wasan sunansa yana iya kwashe har ɗari. Wanda ya rasa maki biyar ko fiye a tashi ɗaya, sai a gwada kaifin basirarsa, kuma a nan akwai wata hikima da nake jinjina wa: in ya ci gwajin, ma'ana ya fahimci abin da ya gani, to a lokacin ne hankalinsa ke gushewa na ɗan lokaci. Wanda bai gane ba ya tsira. Saboda haka jagora yakan ɗauki fensir ya bi hanyar da 'yan wasa za su bi, yana tara abin da kowane abin firgici zai iya ci. Yana neman fagen da ke da ƙananan matakai da yawa kafin babba. Wurin da ba shi da komai sai dodo guda a ƙarshe, awa uku na hamma ne da minti goma na ihu. Wurin da ya fito da dodon tun awar farko kuwa ya kashe kasuwarsa da wuri.

Wani lokaci kayan wasan ne ke zaɓen fagen. Dread, na Epidiah Ravachol, ba ya amfani da ƙwaya sam. Hasumiyar Jenga ake kafawa a tsakiyar tebur, 'yan katakai 54, uku uku a kowane hawa. Duk sanda mutum zai yi abu mai haɗari sai ya zare katako guda ya ɗora a sama, kuma wanda hasumiyar ta rushe a hannunsa, mutuminsa ya fita daga labarin, galibi ta hanyar mutuwa. Hannu na rawa da gaske, numfashi na tsayawa da gaske. Irin wannan wasa dare ɗaya yake so, da wuri rufaffe mai cike da ƙananan haɗura, kamar tsallaka rafi, hawa tsani, ko kunna injin da ya ƙi tashi, don a yi ta zarewa har hasumiyar ta fara lilo daidai lokacin da labari ya kai maƙura. Ba a cika lambobi a takardarsa. Tambayoyi jagora ke rubutawa, masu ɗauke da tarko a cikinsu. In ƙane ne ke jan wasa a gida, zai iya miƙa wa yayarsa takarda mai cewa, "Yaya, me ya sa har yau ba ki gaya wa Umma abin da kika gani a bayan makarantar ba?" Duk amsar da ta bayar, ita ta gina wani ɓangare na fagen da hannunta, kuma abin da mutum ya gina da kansa ya fi kama shi.

Kafin a tsayar da magana, gwani yakan yi zaman share fage da mutanensa. Tsoron da ake nema a tebur shi ne wanda ake tashi daga gare shi ana dariya ana labari, ban da wanda ke taɓa tsohon miki. Ron Edwards ya kawo kalmomi biyu a 2003 da suka zama ruwan dare a harkar: layi da labule. Layi shi ne abin da ba zai shigo labarin ba ko kaɗan. Labule shi ne abin da zai iya faruwa amma ba za a kwatanta shi ba, a ambata a wuce. John Stavropoulos kuma ya kawo kati mai alamar X da ake ajiyewa a tsakiyar tebur, wanda duk ya ji abu ya yi masa nauyi ya taɓa shi, a sauya hanya ba tare da an tambaye shi dalili ba. Amfanin zaman ga mai zaɓen fage a fili yake. In akwai wadda ta yi jinyar mahaifinta wata uku har ya cika, tsohon asibiti ya fita daga lissafi, komai kyan taswirarsa. Haka kuma wanda zai ɗauko duniyar Lovecraft ya kamata ya san mutumin mai tsananin wariyar launin fata ne, kuma a labaransa sau da yawa baƙar fata da baƙin haure su ne ake nunawa a matsayin masu bautar dodanni. Jagora mai lura yakan karanta da alƙalami a hannu yana tsince wannan. Chris Spivey ya yi abin da ya fi haka a 2017 da littafinsa Harlem Unbound, inda ya kai wasan unguwar Harlem ta New York a shekarun 1920, baƙaƙen fata su ne masu binciken.

Bahaushen da ya kai nan zai ce, in sanannen wuri ake nema, me zai hana a kawo wasan gida? Babu abin da zai hana. Mutanen Suwidin sun yi haka da Vaesen a 2020, suka ɗauko halittun tatsuniyoyinsu daga littafin mai zane Johan Egerkrans suka zuba a ƙauyukan yankinsu na ƙarni na 19. Mu ma muna da wuraren da suka cika kowane sharaɗi: ƙaramar tashar jirgin ƙasa da aka daina tsayawa a kan layin dogon da ya iso Kano a 1911, tsohon gidan saukar baƙi na zamanin Turawa, ramukan haƙar kuza da ruwa ya cike a tsaunukan Jos, makarantar kwana a lokacin hutu. Sai dai ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan abu guda. Aljanu a wurin mutanenmu batun imani ne, kuma zargin maita ya raba mutane na gaske da gidajensu, wasu har da rayukansu. Jagora mai hankali zai ƙirƙiro nasa abin tsoron, ya ƙirƙiro sunan ƙauyen, ya bar abin da mutane ke neman tsari daga gare shi a inda yake.

Mai gaggawa ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya ji ana yabon Masks of Nyarlathotep, dogon labarin da Larry DiTillio da Lynn Willis suka fitar a 1984, wanda ke ɗaukar masu bincike a shekarar 1925 daga New York zuwa Landan da Alƙahira da Kenya da Shanghai, sai ya saya. Yabon gaskiya ne. Amma ɗaruruwan shafuka ne, da mutane barkatai, da zama na watanni. Ya karanta babin farko, ya tara abokai, ya yi musu alkawarin zagaya duniya. Zama na uku an manta wa ya kashe wa, na huɗu mutum biyu suka zo. Gwani ma yana da littafin, yana kan kanta, yana kuma karanta shi a hankali da dare. Ya san sai mutanensa sun tsira daga gida ɗaya tukuna.

Dogon wasa daga wannan gida ɗayan yake tsirowa. Da an watse a daren farko, kafin ya kwanta, jagora ya ɗauki littafinsa ya rubuta sunayen da 'yan wasa suka yi ta maimaitawa, da ƙofar da suka ƙi buɗewa, da tambayar da suka tafi da ita ba amsa. The Haunting ma ya bar irin wannan zare da gangan: wata majami'a da Corbitt ke da alaƙa da ita, wadda 'yan sanda suka kai wa samame a 1912, shugabanta kuma ya tsere daga kurkuku daga baya. In 'yan wasa sun tashi suna tambayar ina mutumin ya shiga, fage na biyu ya samu, kuma su suka zaɓe shi. Daga nan jagora ya riƙa ƙara wuri guda a kowane zama, daga gida zuwa titi, daga titi zuwa unguwa, har a kai wani gari kamar Arkham, wanda Lovecraft ya ƙirƙira a jihar Massachusetts da jami'arsa ta Miskatonic. Magatakardan da ya sallame su a zaman farko yana nan a ofishinsa, ya kuma gane fuskokinsu. Kowane sabon wuri da taswirarsa, da katunan mutanensa, da alamunsa uku, duk a shirye kafin ranar zama.